Mama Leah ta Rikoto da kwandunanta na kaba

Kafin in gama haɗa wa yara abin karin kumallo, Mama Leah ta riga ta fito da kujerarta 'yar tsugunno gindin mangwaron da ya raba gidanta da nawa a Rikoto. Gefenta akwai kwanon ruwa da take jiƙa kaba, da wata tsohuwar wuƙa da marigayi mijinta Haggai ya dawo da ita daga aikin soja. Za ta tsaga kabar siri-siri, ta rina wasu da karan dafi su yi ja, sannan ta zauna saƙar 'yan kwanduna masu murfi, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. Haka take yi da damina, haka da rani. Wanda ta gama sai ta rataye shi a igiya cikin ɗakinta, har ta kai idan ka shiga gaishe ta sai ka sunkuya. Na sha buga kai da kwandunan nan, kuma ba ta taɓa ce mini sannu ba. Abin da take cewa kawai shi ne, "Malama Bilki, hankali da kayana."

Sama da shekara ashirin muna maƙwabtaka, kuma gara in faɗa tun da wuri cewa ban taɓa zama kusa da mai taurin kai irinta ba. Da na ce mata zan yi rubutu a kanta tunda ta ce bana ta ajiye aiki, cewa ta yi in ba ni da abin yi in zo in tsince mata riɗi. Na tsince riɗin, ga shi kuma na yi rubutun.

Idan biki ya ƙarato, Sallah ce ko Kirsimeti, gidan Mama Leah sai ya koma wani abu daban. Ta aika kasuwar Bena a sayo mata riɗi da aya, gyaɗa kuma daga gonar ƙanenta a Manga. Ta soya riɗi, ta narka sukari, ta juye a tire ta yanka kantu tun da zafinsa. Ta daka dakuwa, ta murza tuwon madara, ta soya cin-cin. Kaskona na suya ya fi daɗewa a gidanta fiye da nawa. Kowane iri sai ta naɗe shi daban a ɓawon masara, ta ɗaure da zaren kaba, ta jera cikin kwando, ta rufe. Idan ka zo taya ta ka yi ƙulli ɗaya a karkace, za ta kwance a gabanka ta sake, tana faɗa da yaren C'lela don kada ka ji abin da ta kira ka. Ba ta sayarwa. Mun yi da ita har mun gaji, ta ce kayan yara ne.

Ranar bikin kuma ba ta aiken kowa. Ita da kanta take ɗaukar buhun kwanduna, gida-gida, gwiwa tana ciwo, rana tana dukanta. Mun ce ga leda ta cika kasuwa, ta ƙi. Mun ce ga yara nan birjik a unguwa su kai mata, ta ƙi. Kuma ba za ta faɗa maka dalili ba, sai dai ta kalle ka ta ci gaba da abin da take yi. Wannan hali nata na rashin bayani shi ya fi komai ba ni haushi, har yau ɗin nan.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya zauna ya lura da gidajen da take fara shiga. A nan wurinmu idan an kawo maka abincin biki a kwano, ba ka mayar da kwanon fayau. Sai ka zuba naka a ciki, yaron da aka aiko ma ka ba shi tukuici. Ga mai hali wannan zumunci ne mai daɗi. Ga wanda bai ɗora tukunya ba ranar, kwanon maƙwabci tashin hankali ne. Kwandon kaba kuwa ba a mayar da shi, yara su cinye abin ciki su yi wasa da shi har ya lalace. Tsohuwa da ta kawo da ƙafarta kuma ba wanda zai miƙa mata tukuici.

Gidan da take fara shiga kowace shekara shi ne na Larai, can ƙarshen layinmu wajen hanyar dutse. Mijin Larai ya rasu ya bar ta da yara uku, tana surfe da wankau tana ciyar da su, kuma mace ce da ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce an ga gazawarta. Ranar biki takan kulle ƙofa da yaran a ciki don kada wani kwano ya shigo. Kwandon Mama Leah kaɗai take buɗe wa ƙofa. In ba shi ba, yaran nan ba su san ɗanɗanon biki ba.

A shekarar 2004 bukukuwa suka zo a jere. Aka yi ƙaramar Sallah, ba a jima ba ga Kirsimeti, babbar Sallah kuma tana biye. Sallar farko ta cinye kwandunan da ke rataye, kuma a daidai lokacin ne ciwon gaɓɓai ya sauko wa Mama Leah a hannu. Yatsunta suka kumbura, ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Kayan zaƙin dai mun taru mun yi mata, tana zaune tana ba da umarni kamar mu ba mu taɓa shiga kicin ba. Amma kwando babu.

Ɗanta Philip, wanda shi ma soja ne, ya zo hutu daga Kaduna. Ya ga hannun uwarsa, hankalinsa ya tashi. Yaro ne mai tausayi, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya shiga kasuwa ya sayo robobi masu murfi, ja da shuɗi, masu kyau ƙwarai. Da safen Kirsimeti, uwar tana coci, ya zuba komai a robobin, ya tara yaran unguwa ya raba musu gidaje, don ta dawo ta tarar an hutar da ita. Ni ina Bena gaisuwar surukai, sai da rana ta take na sauka daga mota.

Na tarar da tsakar gidan Mama Leah cike da robobi da suka dawo, wannan da shinkafa, wancan da nama, Philip yana ta murna. Ita kuma tana zaune da kayan cocinta, idonta yana kan ƙofa. Ba a daɗe ba sai ga sallamar Larai. Da kanta ta zo, robar a hannu, ko buɗe ta ba a yi ba. Yaran uku suna biye da ita, ba wanda ya kira su.

Ta durƙusa ta ajiye ta ce, "Mama, an gode. Amma yaran ba su son zaƙi."

Babbar 'yarta Monica ta ce, "Muna so mana."

Larai ta juya ta yi mata wani kallo, yarinyar ta sunkuyar da kai. Suka fita. Muna jin kukan ƙaramin har suka sha kwana.

Philip ya ce, "Mama, mi ya faru? Ko robar ce ba ta yi mata ba?"

Ni dai raina ya gama ɓaci, na ce, "Mama, da kin buɗe baki sau ɗaya kin gaya wa yaron nan dalili, da duk wannan bai faru ba."

Ta ce, "In faɗi mi? In ce Larai ba ta da abin zubawa? Maganar da ta fita bakina ta shiga unguwa." Sannan ta ce wa Philip ya jiƙa mata kaba.

Na ce ta bari in saƙa. Ta ce saƙata ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a ciki ba. Na ce to mu naɗe a ɓawon masara kawai mu kai. Ta ce gidan da aka mayar da kwano ba za ta kai masa ƙunshi kamar sadaka ba, abin da take kai wa Larai kowace shekara shi za ta kai. Haka muka zauna muna kallonta. Kaba tana suɓucewa daga yatsunta, tana kamawa da haƙori tana ja. Zufa ta jiƙa ɗankwalin cocin. Philip ya tashi ya koma bayan ɗaki don ba zai iya kallo ba. Ni kuwa ina zaune ina ta masifa, ina cewa wannan ai azabtar da kai ne, ita ko a jikinta. Sai wajen la'asar kwandon ya haɗu, kuma ban taɓa ganin mummunan kwando irinsa ba. Gindi a karkace, murfi ya ƙi zama.

Ta cika shi da kantu da dakuwa da tuwon madara, ta ce in riƙe mata mu tafi. A hanya ina ta tunanin yadda matar da ta ce 'ya'yanta ba su son zaƙi da rana za ta karɓi zaƙi da yamma. Ƙofar a kulle muka same ta. Mama Leah ta buga da gwiwar hannu, Larai na buɗewa kuwa Mama ta hau ta da faɗa.

"Larai, ashe ba ki da tausayi? Dubi hannuna. Babbar Sallah na tahe, ba ni da kwando ko ɗaya, ke kuma kina zaune da yatsu goma lafiyayyu. Malama na kusa da ni, amma hannunta na alli ne kawai."

Na buɗe baki zan rama, ta take mini ƙafa.

Larai ta ce, "Mama, ai ban iya ba."

"Shi ya sa na kawo miki wanga. Ki kwance shi ki ga yadda kabar ta bi, gobe ki zo ki same ni gindin mangwaro. Amma ba ya kwantuwa da kaya ciki. Monica, ku zo ku rage mana abin da ke ciki, kun tsaya kuna kallona."

Yaran suka dubi uwarsu. Larai ta daɗe tana juya kwandon a hannunta, sannan ta miƙa wa Monica, ta sa bakin zane ta rufe fuska. Mama Leah ba ta tsaya lallashi ba, ta juya ta ce mini mu tafi ƙafarta na ciwo. Washegari da hantsi Larai ta zo gindin mangwaro, kuma tun ranar ba ta fasa zuwa ba.

Yau shekara huɗu ke nan. Kwandunan da suka shiga gidajen Rikoto a bukukuwan nan duk saƙar Larai ce, kuma matan wasu unguwanni har sun fara zuwa neman nata don kayan suna da na biki. Mama Leah ta ce ta ajiye aiki. Ni dai ban ga alama ba, don jiya ma na ji ta ta katanga tana cewa murfin Larai ya yi faɗi, sukarina kuma ya ƙone.

Mama, ke ce kika hana ni barcin rana shekara da shekaru da ƙarar turmi. Ke ce kika cinye mini kasko biyu. Ke ce kuma kika san cewa kyauta tana iya yi wa mutum nauyi, kika zauna kika saƙa mata abin da zai sa ta yi sauƙin karɓa, ba tare da kin taɓa ambaton sunan kowa ba. Yaran da suka tashi a layin nan, na masallaci da na coci, ba wanda bai san ƙamshin kantunki ba. Wasunsu yau suna barikin soja, wasu suna jami'a, kuma idan sun zo gida sai ka ga sun wuce ƙofarki a kan babur ko tsayawa babu. Wannan yana ƙona mini rai. A garin nan ana tara mutane a ƙarƙashin rumfa a karrama wanda ya zo da mota ya raba atamfa gaban mai ɗaukar hoto, ke kuwa ko kujerar roba ba a taɓa ajiye miki a gaba ba. Na san za ki ce ba ki so. Ba ke na tambaya ba.

Mun gode, Leah ta Haggai. Allah ya sassauta miki ciwon hannun nan, ya ba ki tsawon rai ki ci gaba da yi mana faɗa.

Ku kuma da kuke karantawa, ban ce kowa ya koyi saƙar kaba ba, ni ma na kasa. Amma biki yana zuwa, kuma kowannenku ya san gidan da ake kulle ƙofa a layinsu. Ku zuba abin da za ku ba su a cikin abin da ba sai an dawo da shi ba, ku ɗauka da ƙafarku, ku ajiye ku fito ba dogon zance.

Da na gaya wa Larai ina wannan rubutu, na tambaye ta ko ta yarda in sa sunanta. Ta ƙarasa tsaga kabar da ke hannunta, sannan ta ce in sa. Ta ce, "Ki rubuta cewa tun da uban yaran nan ya rasu, duk sallamar da aka yi a ƙofata ranar biki sai gabana ya faɗi. Muryar Mama kaɗai nake ji in tashi da saurina in buɗe."