Kifin Hayaƙi

Zamanin Turawa, lokacin ina sabon aure a Gulma, duk ranar da maza suka shiga su, kamun kifi na gayya a gulbi, da homa da gora, ba mai taɓa kamunsa sai an fitar da kifin hayaƙi. Wato kowane gida a unguwarmu yana da kifi ɗaya, ko mai gidan ya jiƙa ƙafa ko bai jiƙa ba. Surukina ke rabo, ni ke zagawa da ƙwarya.

Abin bai dame ni ba sai a kan Baffa, ƙanen surukina. Ƙato ne lafiyayye, amma da an ce su, sai tari ya sarƙe shi. Ko alwala zai yi, sai ya ja da baya daga bakin gulbi. Mijina zai dawo leɓe fari, ƙayar kurungu a tafin hannu, shi kuwa Baffa yana gindin tsamiya yana tambaya ko tarwaɗar bana ta yi mai.

Rannan kuma sai ya ƙirƙiro dabara. Ya tara ɗanyar ciyawa bayan zaurensa ya cinna mata wuta, ya ce tunda sunan abin kifin hayaƙi, ga hayaƙi biyu a gidansa. Mutane suka yi ta dariya, surukina ma ya yi, ya ba shi biyu. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. Ba na iya ɗaga ido gaban suruki, don haka na tasa mijina gaba da mita, safe da yamma, har ya kai wa mahaifinsa maganar. Aka yanke cewa daga yau sai gidan da aka ga hayaƙin girki na gaske, kuma ni ce mai dubawa. Har da rangwaɗa na fita ranar. Na leƙa bayan zauren Baffa, na ga ciyawa babu tukunya, na miƙa masa ƙaramar gargaza ɗaya tak, ta girkin cikin gidansa, na wuce.

A ƙarshen unguwa akwai wata tsohuwa da aka ɗebi ɗanta aikin hanyar Birnin Kebbi. Sau biyu a jere ranar su ina wuce ƙofarta, ban ga hayaƙi ba. Na ce a raina ta tafi Ambursa wurin 'yarta. A na uku na ji tari daga ciki, tarin gaske, ba irin na Baffa ba. Na yi sallama na shiga. Kyanwa ce kwance a tsakiyar murhu, ta yi ɗaiɗai a toka.

Na tambaye ta me ya hana ta hura wuta.

Ta ce, "Ɗiyata, in hura in dahwa mi? Da kihin nika samun ɗan gero ga maƙwabta. Na ji an ce yanzu sai mai hayaƙi, shi na ban yi magana ba."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Ranar na manta da surukuta, na durƙusa gaban surukina na faɗa masa da bakina.

Ya ce, "Nasara in za shi amsar haraji, kai shika ƙirgawa, ba shi tambayar wa ad da wuta. Mu da muka badawa mun hi shi rowa? A koma bai wa kowa."

Kowa ɗin har da Baffa, wanda ya ce dama shi ya san gaskiya za ta yi halinta.

Na ɗauki tarwaɗar gidanmu na koma wurin tsohuwa, na kori kyanwa, na jera kara. Saura wuta. Na duba gidajen kusa, duk mata sun tafi gulbi gyaran kifi, murahu a mace. Hayaƙi ɗaya ke tashi a unguwar, na bayan zauren Baffa, don har ranar bai fid da rai ba. Can na je da ɗan kaskona, na durƙusa na gaishe shi, na roƙi garwashi.