Yayana, Tafintan Janar

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, da misalin ƙarfe goma na safe, ina gaban allo da alli a hannu aka leƙo aka ce ana nemana a waya. Matarka ce. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Gwaggo, sun ce Baban yara ya rasu." Na ce, "Su wa suka ce?" Ta ce, "Su." Yau kwana ashirin ke nan, Yaya, na zauna in rubuta ta'aziyyarka, amma na rasa wane mutum zan yi wa: wanda jama'a ke zagi, ko wanda sojoji ke yabo, ko wanda ya goye ni a bayan keke.

Ga wanda bai san ka ba, shekara talatin da ɗaya ka yi kana aikin tafinta a hedikwatar sojoji. Farar hula ne kai, ko bindigar wasa ban taɓa ganin ka riƙe ba. In baƙi daga ƙetare suka zo ganin Janar, mutumin da ya mulke mu shekara ashirin da biyu, kai ne ke zama a 'yar kujerar da ke tsakani, kana juya magana daga wannan baki zuwa wancan. A gida kuwa shiru-shiru ne kai. Matarka takan ce ka ƙarar da maganarka a ofis, sai ragowar tari kake kawo mata.

Ina 'yar shekara shida mahaifinmu ya rasu, kai kana da sha tara. Kai ka zame mini uba. Kai ka koya mini karatu da tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya a ciki, ina haɗa baƙi kana gyara mini da tsinken tsintsiya. Tsofaffin unguwa kuma ba su rabuwa da zaurenmu: wannan ya kawo takardar magani, wancan wasiƙar ɗansa da ke ƙasar waje. Ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Na tuna wata tsohuwa mai sayar da gawayi da ɗanta ya rubuto cewa ya yi aure a can, ba zai dawo ba. Inna ta ja ka gefe ta ce ka sassauta mata, ka ce yana nan tafe. Ka ce, "Inna, ɗan aike ba ya ƙara gishiri. Abin da aka ba ni shi zan miƙa." Ka karanta mata yadda yake, ta yi kuka, daga nan kuma ka ɗauki aikin kai mata ruwa kowace safiya har ta koma ga Allah. Haka na san ka: ba ka ƙari, ba ka ragi.

Da jama'a suka gaji suka fito kan titi a farkon shekarar nan, ni ma na fita tare da ƙungiyar malamai. Na zo gidanka na ce ka ajiye aikin. Ka ce, "In na tashi daga kujerar nan wani zai zauna, ban kuma san wane ne ba." Na ce maka abokin ɓarawo ɓarawo ne. A gaban 'ya'yanka na faɗa. Sai ka miƙa mini kofin shayin da aka haɗa maka. Na bar shi a kan tebur na fita. Wata biyu ban taka gidanka ba, ban ɗaga wayarka ba.

Kowa ya san abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan a babban dandali. Mun fi dubu ɗari. Tun da hantsi motocin sulke suka toshe hanyoyi huɗun da ake fita, sojoji suka hau rufin gidan waya suka kafa bindigogi. Wata mata kusa da ni ta rubuta lambar wayar mijinta a damtsenta, don in an tsinci gawarta a san inda za a kai. Sai ga shi da azahar motocin sun juya ɗaya bayan ɗaya sun tafi. Muka yi ta ihu muna rungumar juna, muna cewa ƙarfin talaka ya kori bindiga. Gidajen rediyon ƙetare kuma suka ce matsin lambar manyan ƙasashe ne ya yi aiki, tunda a safiyar wakilinsu ya gana da Janar.

Murnar ba ta yi wata guda ba. Janar ya fito a talabijin ya ce baƙi sun yi barazanar kawo mana yaƙi, duk wanda ke kan titi ɗan korensu ne. Aka rufe iyakoki, aka shiga kama mutane da sunan leƙen asiri, wata ƙasar kuma da ba ta ga-maciji da waɗancan ta aiko masa da makamai. Kwana sha tara bayan Alhamis ɗin, aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a kan gada. Har yau ba a san adadin waɗanda suka mutu ba. Malamin lissafin makarantarmu na ciki, takalminsa kawai aka kawo wa matarsa. Manyan ƙasashen da aka ce za su kawo yaƙi, takardar nuna damuwa suka fitar.

Bayan kwana uku da abin gada, an tashi ɗalibai ina gyaran jarrabawa, sai na gan ka a bakin ƙofar aji. Ka rame, rigarka ta yi maka yawa. Ka matsa kanka cikin bencin ɗalibai, gwiwoyinka na dukan tebur, ka ce, "Auta, zan ba ki ajiya."

Ka ce a ranar Alhamis ɗin an tsare tafintan baƙi a bakin ƙofa saboda ba shi da katin shiga, kai kaɗai ka rage a tsakani. A kan teburin Janar ka hango takardar umarnin share dandali, an buga, sa hannu kawai take jira. Wakilin baƙi ya gyara zama ya ce ƙasashensu sun damu ƙwarai, suna roƙon a kai zuciya nesa, amma ba su da niyyar tsoma baki cikin harkar gidan wasu. Ka ce ka buɗe baki don ka miƙa yadda aka ba ka, sai ka ji kanka kana cewa, "Ranka ya daɗe, ya ce in aka harba harsashi ko ɗaya a dandali yau, jiragensu na yaƙi za su rushe barikin nan." Janar ya miƙe ya surfa wa baƙon ashar. Kai kuma ka juya ka ce wa baƙon, "Ya ce ya ji, zai duba." Baƙon ya yi murmushi ya kurɓi ruwa. Aka mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Na ce, "Ba wanda ya gane?"

Ka ce, "Akwai wani kanar a ɗakin da ya yi karatu a ƙasar baƙin. Ya dube ni, na dube shi, ya sunkuyar da kai."

Na ce, "Don ni ka yi?"

Ka ce, "Ban sani ba. Na dai san kina wurin." Sai ka ƙara da cewa, "Auta, ke malama ce, ki yi mini lissafi. Na dandali sun tsira, na gani. To na kan gada fa? Da barazanar da na ƙirƙira ya kafa hujja. Nawa ne a wuyana?"

Na so in ce ba ko ɗaya, mai harbi shi ke da alhaki. Na so kuma in ce maka matar malamin lissafi tana da ciki wata bakwai. Sai na zauna ina juya jan biro a hannuna har ka tashi. Ko haƙuri ban ba ka ba kan maganar da na yaɓa maka. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Ranar Lahadi aka aiko mota ta ɗauke ka, aka ce aikin gaggawa ne. Ranar Laraba aka kira matarka daga asibitin sojoji, aka ce ka yanke jiki ka faɗi a ofis, hawan jini ne. Hawan jinin kuwa kana da shi, ni shaida ce, maganinka ma a gida ka manta shi. Mijina yana cikin waɗanda suka yi maka wanka, ya ce bai ga tabo ba. Maƙwabcinka tela shi ma yana ciki, ya ce ya ga shatin igiya a wuyan hannunka. Dukansu ba maƙaryata ba ne. Wa zan gaskata?

Zaman makokinka ma bai warware mini komai ba. Sojoji suka zo da motoci uku, babbansu ya ce ka rasu kana bautar ƙasa da amana. Ofishin jakadancin baƙi ya aiko takarda yana yaba ƙwarewarka, wai ba ka taɓa kuskuren kalma ba. Samarin unguwa, waɗanda ka karanta wa iyayensu wasiƙu, suka rubuta "karen farautar sojoji" a katangar gidanka, kuma wasu cikinsu na san suna dandali ranar Alhamis. Abokan gwagwarmayata kaɗan ne suka zo, su ma daga bakin ƙofa suka juya. Rana ta uku wani mutum ya zo shi kaɗai cikin kayan gida, ya zauna a ƙarshen tabarma yana kuka kamar ɗan'uwa na jini. Bayan ya tafi aka ce mini kanar ne. Ko shi ne wancan? In shi ne, kukan nadama yake don ya tona ka, ko kukan wanda ya rufa maka asiri ya kasa ceton ka? Ban sani ba. Ban ma san ko asirin ya tonu ba.

Na san wannan rubutu na iya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Na yi shawara da matarka, yanzu ita da yara suna inda hannu ba zai kai gare su ba. Ta ce, "Rubuta, Gwaggo. Su zage shi da saninsu, ya fi su zage shi a duhu." Ban rubuta don a kira ka gwarzo ba, ni kaina ban san sunan abin da ka yi ba. Mutum ne kai da ya riƙe amanar magana shekara talatin da ɗaya, ya saɓa sau ɗaya, kuma albarkacin wannan saɓawar nake numfashi yau. Janar na nan kan kujerarsa, baƙi na nan suna nuna damuwa, mu ma muna nan muna fita. Lissafin da ka ba ni na kasa, na mayar wa Wanda ba ya kuskuren lissafi.

Ya Allah, Kai ne Ka ji abin da aka faɗa a ɗakin nan da abin da aka juya, Ka kuma san abin da ke cikin zuciyar bawanKa lokacin da ya buɗe baki. Ka yi masa hukunci da rahamarKa. In kuskure ya yi Ka yafe masa, in daidai ya yi Ka ninka masa lada, in zaluntarsa aka yi Ka bi masa hakkinsa. Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna. Ka jiƙan waɗanda suka faɗi a kan gada, Ka sauki matar malamin lissafi lafiya, Ka raya abin da za ta haifa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara ashirin da takwas tana haƙuri da shirunka, da 'ya'yanka huɗu, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba mu dangana. Kai kuma Yaya, maganar da na faɗa maka a gaban 'ya'yanka, na janye ta. Ka yafe wa Autarka.