Ranar da Aka Zuba wa Rijiyar Inna Magani

Har yau in na ji warin maganin nan da ake zubawa a ruwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kulorin, sai raina ya ɓaci. Jikokina suna dariya, wai tsohuwa tana gaba da garin magani. Su yi ta yi. Ni na san da wanda nake gaba.

Innata ita ce mai wankan gawa a unguwarmu ta Ƙofar Atiku. Duk macen da ta rasu, ita ake kira, kuma ba ta taɓa karɓar ko goro ba. Tana da tsanani a kan ruwa. Sai ta duba launinsa, ta shinshina, ta ɗanɗana, domin malamai sun ce ruwan da wani abu ya canza masa ɗaya daga cikin ukun nan ba ya yin tsarki.

Turawa ba su daɗe da zama a gari ba aka yi wata bazara ta amai da gudawa. Cutar ta kama Inna, na baro ɗakin mijina na zo jinya. Da hantsi ta cika. Ban ma gama rufe ta da zane ba na ji takalma a tsakar gida, babu ko sallama.

Duba-gari ne, ma'aikacin tsabta na Bature, da gajeren wando da gwangwani a hannu, dogari na bin sa. Duba-garin nan ɗan maƙwabtanmu ne fa. Da ruwan rijiyar nan ta tsakar gidanmu aka yi masa wankan jego, kuma Inna ce ta wanke uwarsa da ta rasu. Ya nufi rijiyar kai tsaye.

Na sha gabansa da guga. Na ce, "Ƙanena, Inna ta cika yanzun ga. Bari in ɗibi na wankanta, sannan ka yi aikin da kaz zo yi."

Ya kau da kai. "Yaya, ruwan ga su ad da cutar. Likita ya ce kar a ƙara ɗibar ko moɗa guda sai an zuba."

"Ba sha za mu yi ba. Gawa za mu wankewa. Mi cuta za ta yi ma gawa?"

"Ni dai hakanga anka ce min."

Ya juye gwangwanin gaba ɗaya, har da bubbuga gindinsa. Daga baya na ji ashe kaɗan ake sawa, shi kuwa don a yaba masa ya tuttule duka. Na jefa guga na jawo. Ruwan ya yi fari kamar na gasara, warinsa na yankan hanci.

Na aika wa liman da ƙwarya guda zuwa zaure. Ya shinshina, ya ce wannan ba ya ɗauke hadasi, balle wankan mamaci. Aka zaga maƙwabta, kowace rijiya mutumin nan ya riga ya bi ta. Randunanmu kuwa jinya ta ƙarar da su. Mijina ya ɗaura wa jaki tuluna zai gangara gulbi, dogari ya tare ƙofa. Wai doka ce, wanda wannan cuta ta kashe ba ya jiran komai, a ɗauka yanzu, ko su ɗauka da kansu su kai ramin da suke zuba wa farar ƙasa.

Liman ya ce, "A yi mata taimama."

Ni na yi. Na buga tafukana a ƙasar ɗakinta, na shafa mata a fuska, na shafa a hannuwa. Matar da ta wanke matan unguwa kaf, da ƙura a fuska aka sa ta a likkafani, ga rijiya cike a ƙofar ɗakinta. Duba-garin yana zaure yana jiran a fito da ita don ya wuce unguwa ta gaba. Na tsane shi a ranar, kuma ban rage ba.

An ce bayan zuba maganin cutar ta lafa a unguwa. Wataƙila gaskiya ne, ban musa ba. Ni guga biyu na roƙa.

Na gaji sana'ar Inna. Shekaru sun tafi, mutumin nan ya yi furfura, ya koma sa babbar riga, yana sahun gaba a masallaci. Ran nan matarsa ta rasu, ya zo zaurenmu da kansa yana sallama a hankali. Na je, don ita baiwar Allah ba ta yi mini komai ba. An cika randa daga rijiyarsu. Na duba, na shinshina, na ɗanɗana, ruwa garau. Na wanke ta tsaf, yadda Inna ta koya mini.

Da na fito ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi, ya ce, "Yaya, Allah shi saka. Ki gahurta min."

Na ce, "Ruwanku na da kyau." Na sa takalmina na wuce.