Dangin Eleuterio

Tun da Eleuterio, direban keke mai ƙafa uku a birnin Iquitos, ya sha jiƙon ayahuasca mai sa gane-gane wurin mai magani, ya dawo yana cewa an nuna masa duk mai rai ɗan'uwansa ne. Sauro ya cije shi, sai ya ce, "Sha, ƙanena." Kare ya kwanta a titi, sai ya tsaya jira har fasinja su sauka.

Matarsa Zoraida ta zuba masa ido. Ran Lahadi ta gasa kifi cikin ganye, ta ajiye masa dafaffiyar ayaba zalla.

"Ina kifina?"

"Maigida, ka ci ɗan'uwanka?"

Ya daɗe yana haɗiyar yawu, sannan ya jawo kwanon kifin.

"Wannan ai ta wajen danginki yake."