Allon da Aka Ba Mu Mu Riƙe a Abu Hail

Wata Juma'a ce cikin watan Afrilun 2017, ina da shekara goma sha biyu, na tsaya ba takalmi a wani fili bayan gidanmu a Abu Hail, wata unguwa a ƙasar Larabawa, rairayi yana gasa mini tafin ƙafa. Ni da ƙanena Mubarak da Rifkatu, 'yar maƙwabcinmu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, muna riƙe da wani baƙin allo cike da rubutun Sinanci. Wani mutumin China yana gabanmu da waya a hannu, yana faɗin kalmomi muna maimaitawa da ƙarfi, muna tsalle muna washe baki. A tunaninmu fim muke yi.

Abba sana'ar kago yake yi a kasuwar Murshid Bazaar, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya yana tura musu, don haka falonmu bai taɓa rabuwa da kwalaye ba. Idan na dawo daga makaranta na yi wanke-wanke, na shanya kaya a baranda, na tankaɗe wa Umma garin tuwo, sai in fita bakin matakala mu zana 'yar gala-gala da alli. A nan na san Lin, 'yar China ce sa'ata, ƙofarsu tana kallon tamu. Babanta fitilu yake sayarwa. Tana da kaka, wata 'yar tsohuwa mai gajeren gashi, wadda mu ma Kaka muke ce mata, kuma ba ta da aiki sai kallon finafinan Indiya. Umma ta leƙa sau ɗaya karɓo ni, daga ranar ta samu wurin zuwa. Ba mai jin yaren wata, amma duk inda uba ya rungume 'yarsa a fim, tare za ka ga suna sharar hawaye suna miƙa wa juna gyaɗa.

Na taɓa tambayar Lin irin finafinan waje da mutanensu suke so. Ta lissafa mini da yatsu: tsofaffi suna son na Indiya, saboda maganar iyaye da wahalar karatu tamkar a gidajensu, samari na Amurka, inda motoci ke tashi sama, mamarta kuwa na Koriya, na soyayya. Na ce, "Namu fa?" Ta ce ba ta ma san muna yi ba. Maganar ta tsaya mini a rai.

Shi ya sa da wannan mutumin, mai sayar da caja da ke zuwa wurin baban Lin, ya tare mu a matakala ya ce a ƙasarsu ba abin da ake rububin kallo kamar yaran Afirka, ban yi shawara da kowa ba. Na je na zuba atamfata ta sallah, na ɗaura ɗankwali. Yana ganina ya girgiza kai, ya zaro wasu yagaggun riguna daga leda ya ce su za mu sa, mu cire takalma. Ya juya mu ta inda dogayen gine-gine ba za su fito ba, sai rairayi da wani tsohon bango. "Yalla, yalla!" yake ta cewa, wato mu yi sauri. Da muka gama ya saya mana askirim, har godiya muka yi masa.

Bayan mako guda Lin ta buga mana ƙofa, fuskarta ja wur, da wayar mamarta a hannu. Ga mu nan a bidiyo muna tsalle. An rubuta wai a wani ƙauyen Afirka ne. Na matsa mata ta faɗa mini abin da muka ce, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kun ce ku mayunwata ne marasa ƙwaƙwalwa, maigida ya jefo muku abinci." A ƙasa kuwa hotunan dariya ne jere, ta ja da yatsa ta ja, ba su ƙare ba.

Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Ni da nake zuwa ta biyu a aji. Mubarak da ya haddace izu biyar. Da bakinmu muka zagi kanmu, muna murna. Kaka da ta gane abin da ya faru, ta jira mutumin ya zo, ta cire silifa ta bi shi har ƙasan bene tana zazzaga masa masifa. Ita kaɗai ce ta yi abin da zuciyata take so. Abba kuwa ya kalli bidiyon sau ɗaya ya ajiye wayar.

"Abba, ba za ka kai shi ƙara ba?"

"Khalas, a bar maganar, Nafisa. Baƙi ne mu a ƙasar nan, kuma rabin kayana daga hannun mutanensu nake karɓa. Mutumin ya ce ya goge."

"Goge me, bayan duniya ta gani?"

Ya koma kan ɗaurin kwalayensa. Tunda ba ni da ikon huce haushina a kan mutumin ko a kan Abba, sai na sauke shi a kan Lin. Na daina kula ta. Ta turo mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa, na yaga ban karanta ba. Shekara uku muna haɗuwa a matakala ina kawar da kai, har lokacin korona ya zo, kasuwar babanta ta mutu, suka tattara suka koma gida. Ban fito na yi musu sallama ba.

Yanzu ina jami'a a Kano. Kowa da waya a hannu, kowa yana ɗaukar kowa, yara suna ganin an ɗaga musu kyamara sai su hau rawa ba tare da tambayar ina za a kai ba. Ni kuwa ko hoton biki ba na shiga sai an ja ni. Fushina da mutumin bai ragu ba, na Abba ya sauka kaɗan da na fahimci abin da yake tsoro. Wanda ya fi ci mini rai yanzu shi ne wanda nake yi da kaina, domin a duk benen nan mutum ɗaya ce ta iya buɗe baki ta faɗa mini gaskiya, ita kuma na hukunta. Ko cikakken sunanta ban riƙe ba, balle in neme ta.