“Shi Ke Nan” Ɗin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene. Hantsaki a hannu, gilashi a ido ɗaya, baki kuwa ba hutu. Sai ka kawo agogo a canja maka batir, ka tafi da tarihin agogon kakan wani. Da wayoyi suka kwashe masa kasuwa, hannun ya yarda ya huta, bakin ne ya ƙi.

Ni na jawo shi gidan rediyonmu na intanet, ɗaki biyu a saman wani kanti. Aka ba shi awa ɗaya duk Laraba da hantsi yana labarin tsofaffin sana'o'i. Ranar farko har da sabuwar riga ya zo, na ce masa, “Kawu, ba a ganinka fa.” Ya ce murya ma tana jin kunya.

Aikina a gidan shi ne awo. Kwamfuta tana nuna mini lokacin da kowace waya ta kama tasharmu da lokacin da ta sake ta, ni kuma in fitar da minti nawa mutane suke zama a kan kowane shiri. Ba a son mai wannan aiki, domin lamba ba ta san kara ba.

Bayan wata biyu Manaja ta kira ni. Ta ce duk shirin da masu sauraronsa ba sa kaiwa minti goma sha biyar, ƙarshen wata za a cire shi. Na Kawu minti shida ne. Na kuwa san ranar Laraba ce kaɗai yake fita da fara'a.

Abin ya ɗaure mini kai, shirin yana da daɗi wallahi. Na sa abin ji a kunne, na bi shi minti-minti ina duba allo. A minti na biyar mutum sittin suka fice a tare, kamar an yi musu ihun gobara. Me ya faru? Kawu ya gama wani zance ya ce, “To, shi ke nan,” ya yi shiru. Haka yake yi a shago: in ya rufe bayan agogo sai ya ce shi ke nan, ya kai shi kunne ya saurara. Mutane kuwa suka ɗauka sallama ce.

Na same shi a gida yana shan shayi. Na ce, “Kawu, kai kake korar mutanenka.”

“Ni? Yaushe na taɓa faɗin haka?”

Na kunna masa. Sau tara a shiri ɗaya. Ya ce, “To, na daina. Shi ke nan.” Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Hali zanen dutse. Laraba ta gaba na rubuta masa takarda na manna a gabansa, duk da haka ya faɗa sau bakwai. Ina hango shi ta gilashi yana toshe baki bayan maganar ta riga ta fita, raina ya ɓaci, kuma dariya tana cina.

A mako na uku ya yage takardar. Yana buɗe shiri ya ce, “Jama'a, 'yar yayata mai awon mintina ta tona mini asiri. In kun ji na ce shi ke nan, ƙarya nake yi, ku zauna. Duk wanda ya ƙirga daidai sau nawa na faɗa, zan gaishe shi da sunansa.”

Saƙonni suka yi ta shigowa, wannan ya ce goma, wancan ya rantse sha ɗaya ne. Ƙarshen wata awo ya nuna minti ashirin da uku. Manaja ta duba sau biyu, ta ce a bar masa Larabarsa.

A bakin matakala ya tsayar da ni, murya ƙasa-ƙasa. “'Yata, tsakani da Allah, akwai wanda yake ji har ƙarshe?”

Na ce, “Mutum arba'in da ɗaya, Kawu.”

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ni ma idona ya cika.

“Arba'in da ɗaya,” ya ce. “A shagona fa kujera ɗaya ce, ita ma ƙafarta uku.”