Mushe Laminu, wanda ya tsayar da ni a raga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan ƙanensa ya kira ni daga Tsibiri, wai Mushe Laminu ya cika bayan sallar asuba.

Har yanzu ban ƙarasa buɗe shagon ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne malaminmu na motsa jiki a lakwal, wato makarantar boko, inda muke ce wa malami Mushe, kuma shi ya koya mana futsal a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, ƙwallon nan ta mutum biyar-biyar da ake bugawa cikin ɗaki. Ba mu da zauren wasa. Wani alhaji ya roƙa ya riƙa ara mana ɗakin ajiyar hatsinsa in an kwashe buhuna. Mushe da kansa ke share simintin kafin mu iso, don kada wani ya taka ƙwayar gero ya zame.

A babban fili kowa cewa yake na cika gajarta, ba ni iya tsaron gida. Shi kuwa ya ce ragar futsal ba dogo take nema ba, mai saurin ƙafa take so.

Shekarar da aka kira ni cikin 'yan wasan ƙasa, za mu gasar wasannin cikin ɗaki ta ƙasashen yankinmu, shi ya je ya shawo kan babana, wanda ke ganin ƙwallo shiririta ce. Shi bai samu tafiyar ba. A tele ya kalla.

Mun sha kashi. Wasan ƙarshe ni ke raga, kuma ƙwallon da ta fitar da mu ta tsakanin ƙafafuna ta wuce. Na kamo hanyar Maraɗi da niyyar na bar ƙwallo ke nan. Don kunya ko motar da zan shigo ban gaya wa kowa ba.

Ina sauka tasha na gan shi zaune bisa babur ɗinsa. Ashe tun safe yake duba duk motar da ta iso daga Yamai. Bai ta da zancen wasan ba har ƙofar gidanmu. Can ya ce, "Habu, ragar ƙasarka ka tsare, mu kuwa muna gida muna kallo. Jibi akwai wasa, kada ka makara."

Na je.

Ganinmu na ƙarshe a kakar nan ne, a gidansa na Tsibiri. Ya rame, tafiya sai da sanda, amma bai bari mun yi zancen ciwo ba. Hankalinsa duk yana kan wasu 'yan mata na Jiratawa da ya fara koya wa wasan kafin ya kwanta. Da ƙyar iyayensu suka amince, yana gudun in aka daina zuwa ba za su sake yarda ba.

Ya ce, "Ka riƙa leƙa min su kafin in miƙe."

Tun ranar nake zuwa, kuma duk zuwan da na yi sai sun tambaye ni yaushe Mushe zai dawo.

Yau ma ranarsu ce. Daga maƙabarta can zan wuce.

Allah ya jiƙanka Mushe, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙurin rashinka. Jama'a, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi cikin addu'arsa. Ku haɗa da ni, Allah ya ba ni bakin da zan gaya wa yaran nan.